Saƙon da Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Kwana tara ke nan da Malam Gambo mai wankin hula ya aika saƙonsa, kuma har yau ba wanda ya tare shi da faɗa. Abin da ya hana shi sukuni ke nan. Da an zage shi tun ranar farko, da ya san inda ya tsaya.

Ga yadda abin ya faro. Lungunsu a unguwar Sheshe kwari ne. Duk damina sai ruwa ya kwanta a cikinsa kwana da kwanaki, mutane na bin kan bulo kafin su kai masallaci. Bana kwamitin unguwa ya ce a gina kwata ta siminti, daga bakin masallaci har titi. Alhaji Mikail mai atamfa, wanda ƙofar gidansa ke kallon ta Gambo, ya ce siminti nasa ne, ko buhu nawa aikin zai ci. Aka yi ta sa masa albarka. Da aka zo shata hanyar da kwatar za ta bi, sai aka ja farin layi daidai gindin katangar Gambo.

Katangar nan ta ƙasa ce, tun ginin kakansa. A bayanta ne ɗakin da 'ya'yansa uku ke kwana, Halima da Sadiƙ da Ismail. Bara da ruwa ya daki gindinta, sai ta tsage daga ƙasa har kusan tsayin ƙirjin mutum. Tun daga lokacin, kullum kafin ya fita aiki sai ya tsaya ya zura yatsa cikin tsagar ya ji ko ta ƙaru. Matarsa Lami takan ce masa dubawa ba ta ɗinke katanga. Ya sani. Ya kuma san in aka sa diga a gindinta ana tsakiyar damina, ba za ta ga kaka ba.

Mai unguwa, Malam Shehu, ya ce ya gaji da taron da mutum goma ke magana lokaci ɗaya a tashi ba a ji ta kowa ba. Saboda haka duk mai magana a kan kwata ya rubuta ta a shafin unguwa na intanet kafin Juma'a, kowa ya gani, sannan kwamiti ya zauna a kai. Shafin kuwa Safiya ce ta yi shi, babbar 'yar Alhaji Mikail, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a, take da ofis wajen Ƙofar Mazugal tana yi wa shaguna da makarantu irin wannan aiki.

Ranar Litinin da hantsi, Gambo ya jera hulunan da ya wanke a kan gumagumansu na itace suna shan rana, ya goge hannu, ya buɗe fom ɗin shafin, inda ake rubuta saƙo, a wayarsa. Wayar ta taɓa faɗawa cikin bahon sitaci, tun daga nan gindin gilashinta ya mutu, dogon maɓallin nan da ke raba kalma da kalma ba ya dannuwa. Sai ya koyi sa ɗigo tsakanin kalmomi. Duk masu kawo masa hula sun saba da saƙonsa haka, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Ya fara yadda ake fara magana da manya. Ya yi sallama, ya gaida mai unguwa, ya gaida liman, ya yi wa Alhaji Mikail addu'a a kan siminti, ya bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya zo kan katanga. Ya faɗi tsagar, ya faɗi tsawonta, ya faɗi sunayen yaran da shekarunsu. Daga nan ne zuciya ta karɓe masa yatsa. Ya rubuta abin da duk lungun ya sani amma ba mai faɗa: asalin hanyar ruwa ta ɗaya ɓangaren take, ƙarƙashin dakalin da Alhaji Mikail ya gina shekara shida da suka wuce ya ci rabin lungu da shi. Bai tsaya nan ba. Ya ƙara da wasu kalmomi a kan Alhaji, da wasu a kan kwamiti. Ya danna, saƙo ya tafi, fom ya koma fari fat.

Bai sake buɗe shafin ba. Tsoro yake ji ya ga amsar da za a ba shi. Ya dai riƙa fita da asuba ta bayan masallaci don kada su haɗu da Alhaji. Amma rana ta uku suka yi kiciɓis a bakin lungu, Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu yana murmushi.

"Malam Gambo, na ga addu'a. Na gode, na gode. Allah ya bar zumunci."

Gambo ya koma gida. Ya ce wa Lami, "Gatse yake mini. Mutumin nan akwai abin da yake shirya mini."

"Kai ma ka buɗe abin ka duba mana," in ji Lami.

Bai buɗe ba.

Ranar Laraba, kwana na tara, ya dawo cin abincin rana ya tarar an juye yashi a bakin lungu, an kakkafa turaku a kan farin layin, ɗaya ma har yana taɓa katangarsa. Bai shiga gida ba, ya wuce soron mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, na ga an kafa turaku."

"Asabar leburori za su fara," in ji Malam Shehu. "Kwamiti ya zauna, ba wanda ya kawo ƙorafi a kan hanya."

"Ba wanda ya kawo? Ni fa?"

"Kai ai addu'a ka yi mana."

Malam Shehu ya jawo takardun da aka bugo daga shafin, ya lasa yatsa ya buɗe. Saƙon kowa na cikin akwatinsa, wani layi huɗu, wani layi goma, duk a jere. Na Gambo layi ɗaya ne tak, ya miƙe daga hagu ya je ya daki bangon akwatin ya tsaya:

Assalamu.alaikum.ina.gaida.mai.unguwa.da.liman.Allah.ya.saka.wa.Alhaji.Mikail.da.alheri.Al

"Ina sauran?" Muryar Gambo ta tashi. "Na fi rabin awa ina rubutu! Ina maganar katanga? Ina maganar 'ya'yana?"

"Kada ka ɗaga mini murya a sorona, Gambo. Abin da ke takarda shi muka gani."

"An yanke ne! Wallahi an yanke!"

"To nuna mini a wayarka."

Babu abin nunawa. Fom ɗin bai bar masa komai ba. Malam Shehu ya tattara takardunsa ya ce shi doka ɗaya ya kafa: abin da ya shigo kafin Juma'a shi ake dubawa. Yanzu da aka ga yashi, kowa zai iya zuwa ya ce ya rubuta. In Gambo ya kawo shaidar cewa maganarsa ta shiga kafin Juma'a, kwamiti zai sake zama. In ba haka ba, Asabar diga za ta sauka.

Gambo bai ko tuna da abinci ba. Ya bi ta lunguna da ƙafa har Ƙofar Mazugal, yana tafe yana haɗa lissafin abin a ransa, kuma duk inda ya juya shi wuri ɗaya yake faɗawa. 'Yar wa ce ta yi shafin? Dakalin wa aka ambata? Addu'ar wa aka bari? Ko yaro ya ga wannan ya gane.

Ofishin Safiya ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon magani. Ya tarar da ita gaban kwamfuta, wata mata mai makaranta na zaune gefenta suna duba hotuna. Sallamarsa ma a tsaye ya yi ta.

"A'a, Baba Gambo! Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina maganata?"

"Wace magana, Baba?"

"Kada ki raina mini hankali, Safiya. A gabana aka haife ki, matata ta goya ki. Kin sa almakashi kin datse saƙona, kin bar inda na yabi ubanki, kin zubar da inda na faɗi gaskiya. Wannan ne karatun da aka tura ki?"

Matar mai makaranta ta ja jakarta jikinta. Safiya ta cire tabarau ta ajiye a hankali.

"Baba Gambo, wurin sana'ata ka zo, gaban mai ba ni aiki, kana ce mini maciya amana?"

"In ba haka ba ne, me ya sa na kowa ya fito cif, nawa ne kawai guntu?"

"Wataƙila guntun ka rubuta. Mutum arba'in da biyu suka cike fom ɗin nan, ba wanda ya hau benen nan yana haki sai kai."

"Su ba su taɓa dakalin gidanku ba!"

"Dakalin gidanmu kuma? Me ya kawo dakali?"

Yadda ta yi tambayar ya ɗan dakatar da shi, amma bai sauka ba. Ya ce ba zai bar ɗakin ba sai ta fito masa da maganarsa, ko da za ta kira masa 'yan sanda. Matar mai makaranta ta ce za ta dawo gobe, ta sulale. Safiya ta bi ta da kallo har ta sauka, sannan ta juyo fuskarta a murtuke.

"Ka kore mini baƙuwa. To tsaya ka gani da idonka, don kada ka je kana yawo da sunana a unguwa. Duk abin da aka tura yana shiga rumbun ajiya, da ranarsa da lokacinsa. Ko ni ban taɓa buɗe shi ba, shafin kawai nake dubawa. In na buɗe na ga layi ɗaya, ka sauka ka ba ni wuri."

Ta yi 'yan danne-danne. Gambo ya matso ya tsaya a bayanta, warin sitaci na tashi daga rigarsa. Ta nemo sunansa. Ga ranar: Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida. Ta danna saƙon, ta fara jan sa gefe. Ya tafi. Ta ƙara ja, ya ƙara tafiya. Layi ɗaya ne, amma ba shi da ƙarshe, kamar an miƙe igiya daga nan har Sheshe.

"Ga shi nan!" Gambo ya buga teburin. "Ga katanga! Ga sunan Halima! Ashe kina da shi kika ɓoye!"

"Dakata, Baba. Mene ne wannan ɗigo-ɗigon?"

"Wayata ce. Maɓallin ƙasa ya mutu."

Safiya ta dafe goshi. "Innalillahi. Duk saƙon babu tazara ko ɗaya?"

"Kowa na karanta saƙona haka."

"Mutum na karantawa. Shafi ba mutum ba ne. Shi in rubutu ya kai bakin akwati, yana neman inda aka bar fili tsakanin kalma da kalma, nan yake karya layi ya sauko ƙasa. Kai ba ka bar masa fili ba, sai ya ɗauka duk abin nan kalma ɗaya ce. Ya rasa inda zai lanƙwasa ta, ta miƙe ta wuce bango. Akwatin kuma an ce masa duk abin da ya wuce bango ya rufe shi, don kada ya ɓata tsarin shafi. Ba wanda ya sa maka almakashi. Wa ke rubutu haka, don Allah?"

"Wa ya ce wa akwatin ya rufe?"

Ta mayar da ido kan kwamfutar.

"Tambayarki nake. Wa ya ce masa?"

"Ni ce."

"To fom ɗinki ya rubuta cewa mai fasasshiyar waya kada ya shigo? Unguwar talakawa kika yi wa shafi, ba 'yan ofis ba. Kin ga layi ya daki bango ya tsaya a rabin sunan Allah, ba ki ce bari in duba ba, saboda abin da ya fito ya yi wa gidanku daɗi."

Safiya ta juya ga saƙon. Idonta na kan gilashin, tana ci gaba da jan layin. Gambo ya ga kafaɗunta sun ƙame. Sai a lokacin ya tuna abin da ke gaba da maganar katanga.

Ta karanta har ƙarshe. Da ta juyo, muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ciwo.

"Babana ne mai handama? Babana ne wanda in an ba shi lungu zai nemi titi?"

"Zuciya ce, Safiya."

"Kuma 'yan kwamiti 'yan amshin shata ne, siminti ya toshe musu baki. Har da liman a ciki."

"Ban ambaci liman a nan ba."

"Yana cikin kwamiti."

Gambo ya nemi kujerar da ya ƙi ɗazu ya zauna. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Gyaran layi ɗaya ne," in ji Safiya. "In na ce wa akwatin duk kalmar da ta fi shi tsawo ya karya ta ko ta ina ya sauko da ita, minti ɗaya ba zai cika ba saƙonka zai fito. Dukansa. Duk mai waya a Sheshe zai karanta."

"To ki fito da na katangar kawai. Ki cire wancan. Don Allah, 'yata."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yanzu na zama 'yarka? Ɗazu ka hau benen nan kana cewa na yanke maka magana. Yanzu kuma roƙona kake in yanke. Ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba. Kuma ko na so, da na taɓa shi rumbun zai nuna an gyara yau Laraba, mai unguwa ya ce bayan Juma'a aka rubuta. Shaidarka ita ce ba a taɓa shi ba. Ko ya fito duka, ko ya zauna yadda yake."

Ta kwantar da bayanta a kujera ta harɗe hannu.

"Ka sani, zan iya rufe kwamfutar nan in ce ban ga komai ba. Ba wanda zai yarda da kai. Amma ni na yi shafin, kuma shafina ba zai ɓoye maganar kowa ba, ko da zagin ubana ne. Ba don kai ba. Saura kai. Ka ce in sake shi, ko ka sauka."

Gambo ya dubi hular da ke hannunsa. Shekara arba'in suna ƙofa da ƙofa da Alhaji Mikail. Ranar da mahaifin Gambo ya rasu, Alhaji na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Hulunansa bakwai yanzu haka suna rumfar Gambo, kuma rabin 'yan kasuwar da ke kawo masa wanki ta hannun Alhaji suka san shi. In ya sauka yanzu, zai ci gaba da zama mutumin kirkin da ya yi addu'a. Sai yatsansa ya tuna masa sanyin cikin tsagar nan da safe, da yadda Ismail ke kwana da kansa jikin bangon saboda ya fi sanyi.

"Sake shi," ya ce.

Ta buɗe wani baƙin allo cike da rubutun Turanci, ta ƙara layi ɗaya, ta danna. Ta koma shafin unguwa ta sabunta shi. Layin nan ɗaya ya karye ya zubo ƙasa kamar an warware turmin atamfa, layi bayan layi, yana yankewa a tsakiyar kalma ya ci gaba a ƙasa, har ya ture saƙonnin mutane can ƙarƙashi. Layi hamsin da uku. A samansa ga ranar Litinin.

"Ka ja mini ƙofa in za ka fita," in ji Safiya. Ba ta ɗago ba.

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Masu shayi a bakin titi suka bi shi da kallo da ya zo wucewa. Lami na tsakar gida da wayar maƙwabciya a hannu.

"Malam, kai ka rubuta wannan? Da wane ido zan kalli Hajiya, matar Alhaji?"

"Ki kalli katanga," ya ce, ya shige ɗaki.

Washegari Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna a soron mai unguwa. Soron ya cika har waje, har da waɗanda kwata ba ta shafe su ba. Alhaji Mikail na zaune kan kujera cikin farar shadda, wayarsa a hannu. Gambo ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Malam Shehu ya ce ya duba, saƙon ya shigo kafin Juma'a, saboda haka za a saurare shi. Sai ya miƙa wa Gambo sabuwar takardar da aka bugo.

"Idona ba ya iya wannan ɗigo-ɗigon naka. Kai ka rubuta, kai za ka karanta. A tsaye."

Gambo ya miƙe. Gaisuwar ta fi komai wuya, don da ya zo kan addu'ar da ya yi wa Alhaji sai wani daga waje ya ce amin da ƙarfi, aka kwashe da dariya. Ya karanta maganar katanga da sunayen yaran. Ya karanta maganar dakali. Daga nan ya sauke ido ƙasa ya kama addu'ar rufewa.

"Ka tsallake layi shida," in ji Alhaji Mikail, idonsa a kan waya. "Ina biye da kai. Koma baya."

"Alhaji, a yi haƙuri."

"Da kake rubutawa ka nemi haƙurina? Karanta. Ina son in ji da bakinka."

Gambo ya karanta. Mai handama. Wanda in an ba shi lungu zai nemi titi. 'Yan amshin shata. Siminti ya toshe musu baki. Kowace kalma sai da ya ji ɗacinta a harshe. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani ɗan kwamiti ya miƙe yana nuna shi da yatsa.

"Mu ne 'yan amshin shata? Kai da ko bulo ɗaya ba ka kawo ba?"

"A kore shi kawai!" in ji wani. "Mai zagin manya ba shi da magana a nan."

"Ku zage ni," in ji Gambo. "Na ci zagi, na yarda. Amma Halima ba ta zagi kowa ba. Sadiƙ bai zagi kowa ba. Ku zo ku ga katangar, in ƙarya nake ku haƙa."

Malam Shehu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo takalmansa.

Aka ɗunguma zuwa lungun. Mai unguwa ya durƙusa gindin katangar, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin tsagar. Ya shige har wuyan hannu. Da ya zaro, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo shi ta zube a kan farin layin. Maginin da zai yi aikin ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya girgiza kai. Daga nan idon kowa ya juya ɗaya ɓangaren, kan dakalin Alhaji, mai sulɓi, mai jan fenti.

Alhaji Mikail ne ya fara magana.

"Ku fasa shi."

"Alhaji, a zauna a duba," in ji Malam Shehu. "Wataƙila a bi ta tsakiya."

"Na ce ku fasa shi! Ba za a ce simintina ya danne 'ya'yan wani ba. A fasa, a haƙa, siminti yana nan yadda na faɗa." Ya juyo ya dubi Gambo daga hula har takalmi. "Kai kuma, da ka ƙetaro lungun nan taku huɗu ka faɗa mini a sorona, da ko mai unguwa bai ji ba. Ka zaɓi ka rubuta wa duniya. To duniya ta karanta. Daga yau ƙofata ba ta san ka ba."

Ya shige gida, aka ji ƙarar sakata.

Ranar Asabar da safe leburori suka tuge turaku daga gindin katangar Gambo suka mayar ɗaya ɓangaren. Ƙarar guduma a kan dakali ta cika lungun. Gambo bai tsaya kallo ba, ya tafi rumfarsa. Wajen hantsi mota ta tsaya a bakin titi, Alhaji Mikail ya fito da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bai yi sallama ba.

"Hulunana."

"Suna cikin ruwa, Alhaji. Zuwa gobe in sha Allahu."

"A jiƙen."

Gambo ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya, bakwai, ya matse, ya zuba a leda. Alhaji ya karɓa da yatsa biyu, ruwa na ɗiga a kan takalminsa, ya juya. Gumagumai bakwai suka wuni a rana babu komai a kansu. Kafin azahar wasu mutum biyu daga kasuwa suka aiko a ba su nasu.

Da yamma ya dawo ya tarar an haƙa rami a inda dakali yake, tsohuwar hanyar ruwa ta fito baƙa ƙirin, ruwan lungu har ya fara gangarawa cikinta da kansa. Lami ta ce ta gaida Hajiya ta kan katanga ba a amsa ba. Ta ajiye masa abinci ba ta zauna ba. Gambo ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a tsakar gida, ya fita ya cusa a tsagar har ta cika, ya shafe da tafin hannu. Ta cikin bangon yana jin Sadiƙ da Ismail suna faɗa a kan wanda zai kwanta jikin bango.

Ya wanke hannu, ya ɗauki waya. Ya daɗe yana kallon lambar Safiya kafin ya rubuta: Na.gode.Allah.ya.yi.albarka.

Bai sa ran amsa ba. Ana kiran magariba wayar ta yi ƙara.

"Ka kai wayarka gyara."